Karatun Cikano

Ni mutum ce mai kunne. Makaranta ban yi nisa ba, amma in baƙo ya yi sallama a ƙofar filat ɗinmu da ke unguwar Muraƙƙabat a Dubai, kafin in buɗe na san ko Basakkwace ne, ko Bakatsine, ko ɗan Damagaram da ya daɗe a Kano har ya ɗauka harshensa ya goge. Alhaji, maigidana, harkar kago yake yi, wato tura wa 'yan kasuwa kayansu gida, don haka baƙi ba sa yanke mana. Shi tun safe yana Al Ras cikin kwalaye da maganar kwantena, ni ina gida. Shekarun da na yi a Dubai sun fi waɗanda na yi a Kano, amma in ka ce in raka ka tashar metiro ta Rigga sai na tambayi hanya. Ba na son fita. Garin ne yake zuwa ya same ni a falo, ya sha shayi, ya tafi.

'Ya ɗaya Allah Ya ba mu. Sunan Innata aka sa mata, ga ta kuma 'yar fari, to ta ko'ina aka duba bakina ba zai iya kiran sunan nan ba. "Ke 'yar nan" nake ce mata, yadda Inna take ce mini, don ni ma ta fari ce. A nan aka haife ta, a nan ta yi makaranta da 'ya'yan Indiyawa da Misirawa da 'yan Filifin. Hausarta tana nan, sai dai irin ta yaran nan ce, mai cinye wutsiyar kalma. Sai ta ce "yana ciki ɗaki," ko "ina zuwa ciki mota." Ni kuwa ba na bari ta wuce. Tun tana tatata nake bin bayanta ina tsinto mata abin da ta yar.

"Cikin ɗaki ake cewa."

"To, Umma."

Haka muka saba. Ni in gyara, ita ta ce to.

Inna ta rasu 'yar nan tana sakandare. Da hantsi ƙanena ya kira ni, kafin la'asar an kai ta. Babu jirgin da yake tsere da jana'izarmu. Na isa na tarar ana zaman makoki, na zauna a tsakar gida tare da mata, aka yi ta shigowa ana fita. Ɗakinta yana nan a buɗe, labulen ma ba a cire ba. Na je bakin ƙofar na tsaya, ƙafata ta ƙi. Na ce gobe. Har na dawo Dubai goben ba ta zo ba. Bayan 'yan shekaru ƙannena suka rushe ginin ƙasar, don damina tana cin sa, suka yi na bulo da shaguna a gaba. Ba su yi laifi ba. Amma daga ranar gidan da aka haife ni babu shi a ko'ina sai a cikin kaina.

Muryarta ma haka. Inna ba ta son waya. In an miƙa mata sai ta riƙe ta nesa da kunne kamar za ta cije ta, ta ce, "Ke 'yar nan, kin ci kuwa?" In na ce na ci, ta ce to madalla, ta mayar wa mai ita. Babu wanda ya taɓa naɗar muryarta. Tana ɗaga "nan" ɗin sama, ta ja shi kaɗan, sannan ta sauke "kuwa" a hankali kamar mai ajiye ƙwarya a kan wata. Ni kaɗai nake riƙe da wannan, kuma na fara lura yana dusashewa. Wata rana in neme shi in same shi, wata rana in ji kalmomin kawai babu muryar. Abin da yake tsorata ni ke nan: ran da na kwanta dama, gidan nan zai sake rushewa, wannan karon kuwa babu wanda zai san an taɓa yin sa. 'Yar nan da ke ɗauke da sunan, zuwanta Kano bai taka kara ya karya ba, duk tana ƙarama. Abin da ta riƙe daga gidan kakarta shi ne sauro da wata akuya da ta cinye mata biskit.

Da ta gama sakandare ta sami jami'a a Amurka, can Kalifoniya. Alhaji yana so ta karanci kasuwanci, ni ina so ta yi likita, ita ta ce a can sai an shekara ana ɗanɗana kowane fanni sannan a zaɓa. Filat ɗin ya yi mini girma. Bayan la'asar, in baƙi sun watse, sai ni da ƙarar esi mai sanyaya ɗaki.

Wata safiya ina tsince shinkafa ta kira.

"Umma, na zaɓi abin da zan karanta."

"Likitan?"

"A'a. Tarihin mutanen Cikano, da rayuwarsu, da yadda suke zaune." Ta ƙara da wata kalma, Latino, na ɗauka turancin abin ne na bar ta ta wuce.

Amma ta farkon kunnena ya kama ta sarai. Cikano. Na ce a raina ga ta nan, ta je Amurka ma ba ta daina cinye wutsiya ba.

"Cikin Kano ake cewa."

Sannan ta ce, "Umma, ba haka ba ne, wasu mutane ne da suke nan..."

"Na sani mana. Ina ne babu mutanen cikin Kano? Ke dai faɗi daidai, kada malamanku su yi miki dariya. Mu ma cikin gari muke cewa, ko cikin badala, amma tunda Turawa sun ce cikin Kano, shi ke nan."

"Umma, ki saurara mana."

Ina na saurara? Hawaye ya riga ya zubo a cikin shinkafar. Na ce Allah Ya yi mata albarka, na ce ashe sunan da aka sa mata bai tafi a banza ba, na ce ai ba ta buƙatar littafi, ga ni. Na yi ta zuba. Da na tsaya jan numfashi sai na ji ta ce a hankali, "To, Umma."

Da Alhaji ya dawo cin abinci na gaya masa. Ya ajiye cokali ya ce, "Mu tura yarinya ƙarshen duniya ta karanto Kano? Ai da an faɗa mini sai in sa ta a kwantenar da za ta tashi jibi." Na ce ai Turawa babu abin da ba sa karantawa. Ya ce, "Halas, shi ke nan," ya ci gaba da cin abincinsa.

Washegari bayan la'asar na zauna a kujerar bakin taga, na danna wayar, na fara yi mata saƙon murya. Na ce tunda karatu ne, bari mu faro daga ƙofar gari. Na shigo da ita ta Ƙofar Mata, na tsayar da ita a marina ta shaƙi warin baba, na nuna mata hannayen marina da shuɗin ba ya fita ko ranar sallah. Wata ranar na bi da ita lungunmu, wanda in mai kura ya shigo sai kowa ya manne da bango. Na gaya mata inda ake tsallake kwata, da gidan da ake sayar da alkaki, da makahon da yake gane mu da takunmu, ya ce, "'Yar gidan rijiya ce wannan, ina za ki da gudu?" Na gaya mata mu soro muke cewa, zaure na mutanen waje ne. Na ce ta rubuta wannan, zai fito a jarrabawa.

Kullum haka. Abin da na ɗauka na manta sai ya riƙa fitowa da kansa, ɗaya ya jawo ɗaya. Sanyin soron farko in ka shigo daga rana. Tabarmar Baba da take jingine a kusurwa. Ƙofar langalangar da take kuka sau biyu, in an buɗe da in an saki. Daga nan tsakar gida, murhu a hagu, turmi a kife, igiyar shanya, rijiya a tsakiya da gugan roba.

Amsoshinta gajeru ne, amma suna ƙara mini ƙarfi. Rannan ta ce malaminsu ya haɗa su da tsofaffin unguwa, kowa da tsohuwar da zai riƙa zuwa wurinta yana jin tarihinta. Tata tsohuwar, in ji ta, ba ta magana sai hannunta yana aiki, don haka a kicin suke zama.

"Yau ta koya mini kwaɓa masa."

Na ce, "Masa? A Amurka?" Na yi dariya har na ƙware. "To tsohuwar nan ta zauna Bauchi ko Jos. 'Yar cikin gari waina za ta ce. Ki tambaye ta."

"Ta masara ce, Umma."

"Ana yi. In babu shinkafa ana yi."

Wani satin ta ce tsohuwar ta ba ta zoɓo mai sanyi, wani satin ruwan tsamiya. Ta ce tsohuwar ta yi aikin gona tun tana yarinya, tana tsinkar inabi, bayanta ya ranƙwafa. Na tausaya mata ƙwarai. Na ce Allah sarki, ko wace ƙaddara ce ta kai 'yar birni gonar Turawa. Na ce a gaishe ta, a ce mata wata 'yar'uwarta a Dubai tana yi mata addu'a. 'Yar nan ta ce ta isar, tsohuwar ta amsa, har ta ce ita ma za ta sa ni a tata.

Babu baƙon da ya sha shayina a shekarar nan bai ji labarin ba. Na fi damun maƙwabciyata, wata 'yar Zangon Kumasi da take aikin wanki a otal, suna haya su da yawa a filat ɗin da ke kallon namu. Kakanta Bakano ne, fataucin goro ya kai shi can bai dawo ba, ita kuwa ba ta taɓa ganin Kano ba. Hausarsu babu mace, kowa "ya" ne. In ta shigo ranar hutunta da kwanon shinkafa da wake, wanda suke ce wa waace, sai in ce mata wake ake cewa, ku kuka tauna shi. Ta ce, "Hajiya, mun tauna ya yi daɗi. Yarinyanki ya kira?" In ce ta kira, in ɗora mata karatun daga inda na tsaya. Ta ce, "Ni ma ki sa ni ciki littafin. Kakana cikin Kano ne paa, na gaske."

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba a lokacin. Tun da na fara saƙonnin nan, filat ɗin ya daina zama shiru. Ina cikin magana da wayar sai in ji kamar ana shara a bayana, irin sharar tsintsiyar kaba a kan daɓe, ja uku a tsaya. In juya, labule ne esi yake kaɗawa. Wata rana ƙarar lif ɗin bene ta zo mini da kukan ƙofar langalanga, buɗewa da saki, har na gyara ɗankwalina. Ban ji tsoro ba. Na dai lura da abu ɗaya: duk ta inda na biyo da yarinyar nan, ko ta marina, ko ta bayan masallaci, in mun iso bakin rijiya sai in ce, "To, bari in duba tukunya, sai gobe." Ɗakin Inna yana nan gaban rijiyar, labulensa a sake. Gobe kuma in sake farowa daga wani lungun.

Ta zo hutu a tsakiyar zafi, lokacin da ko tagar ba a taɓawa. Ta rame kaɗan, ta yi tsawo a idona. Ranar Juma'a na yi tuwo da miyar kuka, na kira 'yar Kumasi, ga kuma wata Hajiya 'yar Kano mai sarin mayafai da ta sauka a wurinmu tana jiran kayanta. Hajiyar nan 'yar cikin gari ce ta gaske, irin waɗanda in ka faɗi sunan gida za su gaya maka wa ya auri wa. Muna cikin ci ta dubi 'yar nan.

"'Yata, an ce kina karantar mu a Amurka. Tsohuwar nan mai masa, 'yar wace unguwa ce? Wataƙila na san gidansu."

'Yar nan ta dube ni. Na ce, "Nuna mata hoton mana. Ni ma ban taɓa gani ba."

Ta daɗe tana shafa wayar kafin ta miƙo. Muka haɗa kai mu uku. Wata tsohuwa ce ja, gajera, kanta babu ɗankwali, farin gashi an kitse shi gida biyu ya sauko kafaɗa. Tana dariya, hannunta duk ƙullu. A bangon bayanta ga gicciye, ga kyandir, ga hotunan mutane an jera da furanni.

Hajiya ta ce, "Ikon Allah. Wannan kam ba a Mandawari aka haife ta ba."

'Yar nan ta ce, idonta a kan kwano, "Ba cikin Kano ba ne. Cikano. Mutanen da asalinsu Meziko ne amma a Amurka aka haife su. Sunan daga Meksikano ya fito, aka cinye kansa. Da can zagi ne, daga baya suka ɗauka suka ce nasu ne. Latino kuma su da sauran masu zuwa daga ƙasashen da ke kudu da Amurka."

'Yar Kumasi ta fashe da dariya har tana dafa cikinta. "Hajiya, wannan karon ba wutsiya ya cinye ba, kai ne. Kuma ba shi ya cinye ba." Hajiya ma ta dara, ta ce ai ba komai, ilimi duk ilimi ne. Ni ma na yi dariyar, don baƙi. Na ce a ƙara miya. Na tashi na shiga kicin na buɗe famfo, na tsaya ina kallon ruwan.

Ba kunyar Hajiya ce ta dame ni ba, ko da yake na san labarin zai riga mayafanta isa Kano. Abin da ya tsaya mini a ƙirji shi ne, ashe duk la'asar ɗin nan ni kaɗai nake yawo a lungu. Na ɗauka hannun yarinya nake riƙe da shi. Ashe tana can kicin ɗin kakar wasu.

Da Alhaji ya shigo da yamma na tare shi da maganar. Ya cire hula ya shafa kai ya ce shi tun watan farko ya sani, ta yi masa bayani. Na ce shi ne ya bar ni ina ta zuba a gaban mutane? Ya ce, "Da in na dawo sai in tarar da ke kina kallon bango. Da kika fara sai na riƙa tarar da ke kina magana. Ni ban ga abin gyarawa ba."

Na daina saƙon, tunda ga ta a gida, kuma ko ba ta gida na daina. Kwanaki muna gaisawa, ina zuba mata abinci, tana cewa an gode. Sharar bayan nan ma ta ɗauke. Filat ya koma esi da lif.

Ana saura kwana kaɗan ta koma, bayan la'asar, ina kujerar taga ina gyaran zogale da wata baƙuwa ta kawo mini, ta zo ta zauna a ƙasa ta jawo tiren gabanta. Ba ta iya ba, tana haɗawa da itacen. Ban gyara mata ba.

"Umma, fushi kike yi."

"Wane fushi? Karatunki ne. Sai dai da kin gaya mini."

"Na gaya miki. Kika ce cikin Kano ake cewa."

"Sai ki sake faɗa."

"Na so in sake. Sai saƙon farko ya shigo, na marina." Ta tsinke wani ganye ta ajiye. "Umma, tun da nake ba ki taɓa ba ni labarin gidan nan ba. In na tambaya sai ki ce me zan yi da shi. Na san in na gyara miki za ki daina."

Na ce, "To me ya kai ki wurinsu tun farko? Mutanenki sun ƙare ne?"

Ta ce a shekarar farko ta shiga ajin ne kawai don cike gurbi. Malamin ya kawo wani dattijo ya yi musu magana. Dattijon ya ce a can aka haife shi, amma kullum ana tambayarsa daga ina yake, in ya je ƙasar iyayensa kuma su ce masa ɗan Amurka, su yi dariyar yadda yake magana. Ya ce suna yara in an ji su suna yarensu a makaranta hukunta su ake yi, shi ya sa bai koya wa 'ya'yansa ba, yanzu jikokinsa ba sa jin abin da yake cewa in yana addu'a.

"Ina zaune a baya na ji kamar ni ake nufi. A nan aka haife ni, amma ba 'yar nan ba ce, kullum sai an sabunta mini biza. A Kano 'yar Dubai suke ce mini. A can kuma ba su ma san inda za su ajiye ni ba. Ban taɓa jin an mayar da wannan abin karatu ba, Umma, har da littattafai, har da sunansa. Namu ban ga ajinsa ba. Na shiga na waɗanda suka fi kama da ni."

Na ce, "Tsohuwar fa?"

"'Ya'yanta suna nesa. In sun kira tana yi musu yarenta suna amsawa da Turanci. Hotunan da kika gani a bango matattunta ne. Ta ce duk wanda aka daina ba da labarinsa ya sake mutuwa. Ina kunna mata saƙonninki."

"Nawa? Tana jin Hausa ne?"

"Ba ta ji. Ta ce ba sai ta ji ba. Rannan ta tsayar da ni ta ce, matar nan kullum a wuri ɗaya muryarta take tsayawa, mene ne a wurin? Na ce rijiya. Ta ce a'a, gaban rijiyar."

Na ajiye zogalen. Kafin in ce wani abu ta danna wayarta ta ɗora a kan tiren.

Ban taɓa sauraren saƙon da na tura ba, in na danna ya tafi shi ke nan. Sai ga wata mata tana magana a falona. Tana bayanin turmi da igiyar shanya, tana dariya, tana jan numfashi ta hanci kafin ta faɗi abu mai nauyi. Can ƙarshe matar ta ce bari ta duba tukunya, sannan kamar ta tuna wani abu ta ce, "Ke 'yar nan, kin ci kuwa?" Ta ɗaga "nan" ɗin, ta ja shi kaɗan, ta sauke "kuwa" a hankali.

Na yi shekara da shekaru ina neman muryar nan a cikin kaina, ina ganin tana gudu na. Ban san ta sauko maƙogwarona ta zauna ba.

'Yar nan ta ce, "Na san hanya yanzu. In aka ajiye ni a Ƙofar Mata zan kai kaina soro. Na san inda ake tsallake kwata. Amma kullum a bakin rijiya kike barina. Mene ne a ciki ɗakin?"

Na buɗe baki in ce cikin ɗakin ake cewa. Ban faɗa ba. Na ce mata zogalen nan ba zai gyara kansa ba.

Ta koma. Alhaji ne ya kai ta filin jirgi, ni daga ƙofar lif na juyo. Na yi kwanaki ina kallon wayar. Sai wata la'asar, babu baƙo ko ɗaya, na zauna a bakin taga na danna. Ban faro daga ƙofar gari ba. Na ce, "Ke 'yar nan, cire takalminki." Na ɗaga labulen.

Na gaya mata duhun da yake fara rufe ido, da ƙamshin turaren wuta da ya kama bango, da man shanu a kwalba. Gadon ƙarfe mai rumfa a dama, da samiru da fanteka an jera su har sama, waɗanda ba a taɓa cin abinci a cikinsu ba. Buzun sallarta da carbi a kai. Ƙaramar taga can sama wadda rana take shigowa ta cikinta kamar sanda. Ƙwaryar goro a ƙarƙashin gado an rufe da tsumma mai laima. Na gaya mata gefen gadon da ya lotsa, inda take zama ta miƙe ƙafa ta ce in zo in matsa mata. Na ce a nan aka ce ta cika, da hantsi, fuskarta wajen taga, ni ina nan ina soya albasa ban sani ba. Wayar tana ta naɗa. Sannan na ce to, kin gani, ɗakin ke nan, ba shi da girma. Ban ce zan duba tukunya ba.

Ba ta amsa a ranar ba. Washegari da azahar ina ninke kaya na ji wayar ta yi ƙara a falo. Na danna na koma kan ninkina, na ba ta baya. A wurinmu wadda aka sa wa sunan uwarka uwarka ce, tana da damar ta tsokane ka, kuma na san tsokanar ta yi niyya. Amma ta shekara tana sauraron matar nan ta cikin waya, ga shi kuma ashe kunnena ta gado.

"Ke 'yar nan," in ji muryar, ta ɗaga, ta ja kaɗan. "Kin ci kuwa?"

Rigar Alhaji tana hannuna, ban juya ba. Na ce, "Na ci, Inna."